Ludayi Uku na Hura

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta safiyar da na kusa jawo wa jikana bala'i da hannuna ba.

Da tsagaggen leɓe aka haife shi, tsagar har cikin hanci. In ya kama nono sai ya dawo masa ta hanci, uwarsa, ɗiyata ta fari, ta zauna ta yi ta kuka. Yana shekara ɗaya da rabi muka ji a rediyo cewa likitocin da ke ɗinke irin wannan sun zo Tawa daga Yamai, kwana kaɗan za su yi. Muka taso daga Bambeye. Aka duba shi, aka sa mu ranar ƙarshe, aka kuma ja mana kunne: kada ya ci komai kafin aiki.

To ni fa ina da rubutun da malamin garinmu ya ba ni a kwalba. A ce za a sa wa angona wuƙa bai sha ba? Haba! Uwar na fita karɓo takarda, na zuba shi cikin hura don ya haɗiyu, na ba shi ludayi uku. A hankalina na lokacin, rubutu ai ba abinci ba ne.

Da aka kira mu, wata malamar asibiti mai tabarau ta karɓe shi, ta ce, “Bai ci komi ba ko?”

Ɗiyata ta ce, “Ko ruwa.”

Malamar ta ce, “Madalla. In da abu cikin ciki, allurar barci na sa ya taso ya shaƙe yaro.” Ta juya za ta shiga da shi.

In na yi magana ƙila a fasa, ga baƙin gobe za su koma. In na yi shiru kuma, ran yaron ne. Na ce wa malamar, “Ɗiyata, tsaya. Na ba shi hura.”

Uwar ta dafe kai, ta ce, “Inna, kin kashe mu!”

Wallahi na zaci malamar za ta wanke ni tas. Sai ta tambayi ƙarfe nawa, ludayi nawa, ta ce, “Allah shi yi miki albarka da kika faɗi. Sauran rubutun ki shafa mishi ga kai.” Ta shiga ta fito, ta ce an mai da shi na ƙarshe, bayan la'asar. Na wuni goye da shi yana tsala kukan yunwa, ni ma ina yi. Likitan da ya tsaya dominsa a gajiye, ko fuskarsa ban gani da kyau ba, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba.

Yau angon nawa yana lakwal, makarantar boko, leɓe sumul, baki ba ya hutawa da tsokanata. Abin da na koya shi ne, in masu aiki sun ce kada, in tambayi dalili kafin in yi wayona. In kuma na riga na ɓata, in faɗa tun ba a rufe ƙofa da yaro ba.