Ranar da Sashen Kuɗi Ya Je Ruga

A duk shekarun da na yi a sashen kuɗi, ranar da ba ta fita raina ba ita ce wata Litinin ta farkon damina, lokacin ina akanta mai mataki na takwas a ofishin shiyya na wata hukumar aikin gona a Kafanchan. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kun tarar ana zaman wata-wata da shugabannin sassa, kuna tsammanin haka abin yake tun asali. To ga yadda ya faro.

Ofishinmu yana da sashen malaman gona, da na likitocin dabbobi, da na sito da motoci, sai namu. Abin da na waje bai sani ba shi ne, amincewa da kasafi daban, sako kuɗi daban. Kaduna takan amince da aikin shekara gaba ɗaya, amma kuɗin kashi-kashi yake zuwa, wani lokaci ma a riƙe na wani aiki. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce sanarwa ta zo wa babban akanta, shi kuma ya kai wa darakta. Ba mu da izinin faɗa wa wani sashe komai.

Babban akantanmu shi ne Mista Bitrus, dattijon ikilisiya, mutum mai tsoron Allah da tsoron doka. Tun yana ƙaramin ma'aikaci aka taɓa ba shi takardar tuhuma don ya gaya wa wani direba cewa alawus ya iso. Daga nan ya kulle bakinsa, kuma haka ya horar da mu.

Shugabar likitocin dabbobi kuwa ita ce Dakta Rifkatu. Ta ga rigakafin ciwon huhun shanu a cikin kasafi, sai ta kama aiki. Ta je wajen Ardo Buba a yankin Madakiya, suka shirya a tara shanun rugagen kewaye wuri ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin lokacin shukar citta ne, kuma burtalin ya ratsa ta tsakiyar gonaki. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin dagaci da manoma har suka yarda shanu su wuce. Aka tsayar da ranar Talata.

Ana cikin haka sanarwa ta zo mana cewa an riƙe kuɗin rigakafi sai wani kashi na gaba. Mista Bitrus ya aika wa darakta kamar yadda doka ta ce. Darakta kuwa yana kwance a asibiti a Jos. Mu mun san babu kuɗi amma ba mu san an sa rana ba. Ita ta sa rana amma ba ta san babu kuɗi ba. Tsakanin ƙofarmu da tata baranda ce kawai.

Da safiyar Litinin ta shigo da fara'arta, ta ce, "Oga, ina kwana? Na zo ne a kan bauca na kuɗin allura. Gobe ne fa."

Mista Bitrus ya cire tabarau ya ce, "Wace allura, Dakta?"

Da ya yi mata bayani, ba ta yi faɗa ba. Ta nemi kujera ta zauna. Can ta ce a hankali, "Oga, shanu sun riga sun taso. Waɗansu tun jiya suna hanya. Mutanen nan ba gwamnati suka yarda da shi ba, bakina suka yarda da shi. Da wane fuska zan je?"

Mista Bitrus ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya ce, "Ba ke kaɗai za ki je ba. Maganar daga ofishina ta tsaya, ni zan faɗa." Ya waiwayo ya ce mini, "Yakubu, taso." Ban taɓa ganin ya bar kujerarsa a lokacin aiki ba sai ranar.

Mun isa da azahar. Shanu sun cika fili, mata sun kafa tukwane a gefe. Ardo Buba yana zaune a gindin ɗorawa tare da dagaci. Akwai kuma wata manomiya, Mama Hannatu, wadda shanu suka taka mata bakin gona a hanya, ta zo tana jira a yi magana.

Mista Bitrus ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ce, "Baba Ardo, Dakta ba ta yi muku ƙarya ba. An riƙe kuɗin allurar a Kaduna. Ni na sani, ita ba ta sani ba, domin dokar aikinmu ta hana ni faɗa mata. Ku gafarce mu."

Ardo ya juya sandarsa. Ya ce, "Ku duka ba gida ɗaya kuke aiki ba?"

"Gida ɗaya ne."

"To yaushe allurar za ta zo?"

"Ban sani ba, Baba. Kuma ba zan sa maka wata rana ba alhali ban sani ba."

Ardo ya dubi dagaci, ya dubi Mama Hannatu. Ya ce, "Wahalar tafiya mun saba da ita. Abin da ya dame ni, mun taka gonar baiwar Allah nan a banza." Mama Hannatu ta ce ita dai a gyara mata kunyoyinta kafin ruwa ya sake sauka, ba ta neman komai. Nan take Ardo ya sa mutanensa suka ɗauki fartanya. Aka kuma shirya shanu su koma washegari, manoma da makiyaya suna rakiya tare.

A hanyar dawowa muna cikin mota, mun kusa shiga gari. Sai Mista Bitrus ya ce, "Na kiyaye doka, amma doka ba ta kiyaye mutanen nan ba."

Da darakta ya warke ya dawo, Mista Bitrus ya nemi izini a rubuce cewa duk wata a zauna da shugabannin sassa, a faɗi abin da ya iso, da abin da aka riƙe, su kuma su faɗi alkawuran da suka ɗauka a waje. Ba kowa ya so ba. Shugaban sito ya ce tonon asiri ne, kowa zai sa ido a rabon ɗan'uwansa. Darakta ya ce a gwada.

A zaman farko shugaban malaman gona ya ji labarin, sai ya ce ai su suna da kuɗin wani taron bita da aka ɗage. Darakta ya rubuta wa Kaduna yana neman izinin juya shi zuwa rigakafi, domin ba a juya kuɗin wani aiki zuwa wani sai da izini. Amsa ta ɗauki lokaci. Kafin ta zo, ciwon ya kashe maruƙa a garken ƙanen Ardo. Da allurar ta samu, damina ta yi nisa, burtali ya rufe da amfanin gona. Dakta Rifkatu ta ce ba za ta sake tayar da kowa ba. Ita da ma'aikatanta suka bi ruga-ruga a kan babur, cikin taɓo, har suka gama.

Abin da na koya shi ne, mu ma'aikatan kuɗi ba mugaye ba ne, tsoro ne yake sa mu shiru, kuma tsoron yana da dalili. Amma duk adadin da ke kan teburinku, akwai wanda ya riga ya je ƙauye ya yi alkawari a kansa. Idan kun ga an riƙe kuɗin wani aiki, ku tambayi wanda ya ba da bakinsa, ku tabbata ya ji kafin mutane su taso.