Ranar da Na Yi Ta Neman Bakin Sanatanmu

Shekarun baya kaɗan, lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka, mahaifiyata tana Magarya. Ta tsallaka ne daga Babura ta je sunan jikar yayarta, sai hanya ta rufe a bayanta. Ƙanena kuma soja ne a nan Najeriya. Wata safiya ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, an ce mu zauna cikin shiri. Kar ka gaya wa Inna."

Ana haka aka ji cewa maganar tura sojoji Nijar ta je gaban majalisar dattawa. Ni da tun ranar da na dangwala wa sanatanmu ban sake bi ta kansa ba, sai ga ni na zama ɗan jaridar dole. Duk wanda ya taɓa manna fostarsa a garinmu sai da na tare shi: ina mutumin nan ya tsaya, yaƙi ko sulhu? Kowa ya ce bai sani ba.

Ranar zaman na hau babur har Kazaure wurin wani dattijon jam'iyya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wane ɓangare sanatanmu zai bi?"

Ya nuna min rediyon da ke gefen tabarmarsa. "Ɗana, ni ma abin da nake jira ke nan."

Ina zaune wayar Inna ta shigo. Ashe labari ya riga ya kai mata. "Shi wanda kuka zaɓa ɗin me ya ce? Ka tambayar min shi, ɗan nawa zai turo min da bindiga?" Na ce mata bari in bincika.

Na kira abokina da ke aiki a majalisa. Ya ce sun rufe ƙofa, har 'yan jarida an fitar. Haka muka zauna ni da dattijon, ko ruwan da aka kawo min ban iya sha ba. Can sai rediyo ta ce majalisa ba ta yarda a yi amfani da ƙarfi ba, a bi hanyar sulhu. Dattijon ya yi hamdala.

Bayan 'yan makonni Inna ta dawo ta hanyar gonaki a bayan babur, ƙanena bai je ko'ina ba. Na ci gaba da damun abokina da tambayar abin da namu ya faɗa a ciki, har ya gaji ya ce, "Malam, ba a kira sunan kowa ba. Matsaya ɗaya suka fito da ita."

Wataƙila shi ya fi kowa kare mu a ɗakin nan, wataƙila bai ce uffan ba. Har yau ban sani ba, kuma abin yana ci na. An yi zama a kan ran uwata da na ƙanena, ni da na aika wakili ban san me ya faɗa da sunana ba.