Turmi Ɗaya a Kemis ɗin Kawu

Kafin in dawo Gadarif, na yi aiki a masana'antar magani a Khartum. A can, in an gama buga ƙwaya iri ɗaya, ba a zuba wata sai an kwance injin an wanke, a shafa auduga a lungunansa, a kai ɗakin gwaji. Sai gwaji ya nuna babu ragowa sannan a ci gaba.

A kemis ɗin kawuna kuwa, bakin kasuwa, turmin tangaran ɗaya gare mu. A ciki ake niƙa wa jarirai da tsofaffi kowace irin ƙwaya. Ina wanke shi da sabulu, in goge da sibirto, barasar nan ta kashe ƙwayoyin cuta. Shekarun nan ne da ko turare mai warin barasa mutane ke ƙyama, sai kawu ya bi bayana ya ɗauraye turmin, wai sibirto najasa ne. Daga nan ya share shi da tsummansa, wanda ke share kanta, ke share garin fanisilin.

Na yi magana har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya: "Ya bitti, 'yata, ruwa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Khalas, shi ke nan."

Ran nan, lokacin yankan riɗi, wata mata ta zo daga Doka da maganin hawan jini na uwarta. Tsohuwar ba ta iya haɗiye ƙwaya, sai an niƙa. Cikin hira matar ta ce sau ɗaya aka ba tsohuwar fanisilin, maƙogwaronta ya kumbura, da ƙyar ta sha. Da safen nan kuwa fanisilin kawu ya niƙa.

Na ce, "Yaya, ba zan niƙa miki a nan ba. Ki murƙushe a gida tsakanin cokali biyu masu tsabta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Don mu mutanen gona ne?"

Na fara bayani, motar Doka da za ta hau na ta hon, kawu na cewa karatu ya ɓata ni. Wallahi na gaji, har maganar ta fito mini da faɗa. Ta kwashi ƙwayoyinta ta tsallaka titi, ta shiga kemis ɗin da ke kallonmu. Su ma turminsu ɗaya ne. Daga inda nake tsaye ina jin ana niƙawa.