Sha Shida a Hannu, Ragon Suna a Gefe

Wata rana, ranar kasuwa, na shiga kara nema wa Innarmu tunkiyar kiwo. Rana ta take, zafi ya ishe ni, na fake a wata rumfa bayan inda ake lodin shanu.

Ashe rumfar 'yan karta ce.

Ashirin-da-ɗaya suke bugawa. Ga wanda bai san wasan ba: za a ba ka kati biyu, ka haɗa lambobinsu. In kana so ka ja wani, in ba ka so ka tsaya. Wanda ya fi kusa da ashirin da ɗaya shi ya ci. Wanda ya zarce ya ƙone.

Sai ga wani magidanci janye da rago, ɗan madaidaici, fari mai baƙin kunne. Igiyar sabuwa fil, don kun san al'adar kara, ana sayar maka da dabba amma ba a haɗa maka da igiya. Taka za ka zo da ita.

Wani a rumfar ya gane shi.

"A'a, Tasi'u angon ƙarni! Gobe suna ko? Wai wannan ne ragon? Haihuwar fari guda, ka kai wa surukai wannan?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma ta yaƙe.

Mai raba katin, wani da suke kira Gambo Zobe, ya nuna wani tiƙeƙen rago a turke, ƙahonsa har ya nannaɗe. Ya ce hannu ɗaya kacal, rago da rago. Wanda ya ci ya tafi da biyu.

Wallahi na zaci Tasi'u wucewa zai yi.

Ya zauna.

Aka ba shi goma da shida. Sha shida ke nan.

Gambo kuwa goma ce a buɗe a gabansa, ɗaya katin a kife.

'Yan wasan da kansu sun ce babu mugun hannu irin sha shida. Ka tsaya, ya yi kaɗan. Ka ja, ƙonewa ta fi kusa.

Nan fa rumfa ta kaure.

"Ja mana!"

"Kai, kar ka soma! Tsaya!"

Kowa ya zama gwani, tunda ba ragonsa ba ne. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Tasi'u ya miƙa hannu, ya janye. Ya goge gumi da hula. Ya naɗe igiyar a hannu, ya warware, ya sake naɗewa. Waya tana ta ruri a aljihunsa, ya ƙi ɗagawa. Ragon nan ko a jikinsa, harawar wani yake fizga.

Ni kaina na kasa zama. Na miƙe, na koma, kamar ragon nawa ne.

Can Tasi'u ya ce, "Ba ni."

Bakwai.

Ashirin da uku. Ya ƙone.

Tasi'u ya dubi Gambo.

"Don Allah faɗa min gaskiya. Da na tsaya, da na ci ko?"

Gambo ya juya katinsa na kife. Goma ce. Ashirin.

"Maigida, da ka tsaya ma tafiya zai yi. Tun lokacin da ka zauna ragon nan ya fara barin hannunka."

Sannan ya tashi, ya kwance igiyar daga wuyan ragon, ya miƙa masa.

"Ungo. Wannan taka ce, ba ta cikin wasa."

Masu cewa "ja" da masu cewa "tsaya" duk suka sulale. Wanda ya tsokane shi tun farko ma ya tuna wai ana jiransa.

Wayar ta sake ruri. Wannan karon ya ɗaga. Irin mai ƙarar nan ce, kowa yana ji. Mahaifiyarsa ce, ga hayaniyar mata da daka a bayanta.

"Tasi'u, kana ina ne? Mahauci ya zo ganin rago, Ramatu mai jego ma tana ta tambaya. Ka samo mai kyau dai ko?"



"Ga ni nan zuwa, Inna."

Ya fita daga rumfar yana jan igiya a ƙasa, babu komai a ƙarshenta. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Darasi: Wani lokaci tambayar ba "in ja ko in tsaya" ba ce. Tambayar ita ce, me ya zaunar da ni a nan? Ɗan ragonka na halal ya isa a raɗa wa ɗanka suna. Masu yi maka dariya ba za su raka ka gida ba.

In ka san wani da dariyar mutane take neman zaunar da shi kan tabarmar caca, tura masa wannan tun igiyarsa tana da rago.