Wanda Na Koya Wa Hawa Falwaya

Na daɗe ina aikin gyaran layi a ofishin wutar lantarki na Gaya. Lokacin da na fara muna da yawa, kowa da ɓangarensa. A hankali wasu suka yi ritaya, wasu suka rasu, ba a maye gurbinsu ba, har ya rage ni da wani abokin aikina mai ciwon suga muke riƙe da Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakani. In iskar damina ta ka da falwaya a Kademi, mutanen Ajingi sai su jira, domin babur ɗaya ne da mu, mai hawa ma ni kaɗai ne.

Duk sanda manya suka zo daga Kano sai na roƙe su a ɗauko mana yaran da suka gama makarantar koyon sana'a, waɗanda suka san waya. Akwai su a Gaya, na san gidajensu, wasu walda suke yi, wasu haya da babur. Amsar ɗaya ce kullum, gwamnati ta dakatar da ɗaukar aiki. Da zaɓe ya matso sai ga mutum huɗu an turo mana.

Babu wanda aka gwada a cikinsu. Gurabe aka raba wa 'yan siyasa, kowa ya kawo nasa. Biyu sun leƙo ofis sau ɗaya, daga nan sai dai mu ji suna karɓar albashi. Na uku ya ce shi tebur aka yi masa alkawari, ya samu kujera kusa da taga ya zauna. Na huɗun ɗan Ajingi ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana koyarwa a Islamiyya. Kawunsa ne ya yi wa wani ɗan majalisa wahala, aka saka masa da gurbi ɗaya.

Ɗan Ajingin ya same ni ina ɗaure tsani, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ni ban san komai a wuta ba, ko fis ban taɓa canzawa ba. Amma ba na son cin albashin da ban yi wa aiki ba. In za ku koya mini, zan koya."

Raina a ɓace yake. Na gaya masa ma'aikaci na roƙa, ba ɗalibi ba. Ya kama ƙarshen tsanin ya tsaya. Haka na tafi da shi.

A ƙa'ida makarantar horo ya kamata a tura shi, amma an daɗe da rufe ta. A bakin hanya na koya masa, da bel ɗin hawa ɗaya da safar hannu da ta fara yagewa. Hawansa na farko ya dace da ranar kasuwar Ajingi. Ya kai rabi ya kasa gaba, masu gyaɗa suka taru suna kallo, wani ya ce ai yaron onarabul ne, aka yi dariya. Ya sauko gumi ya jiƙa rigarsa, ya sha ruwa, ya sake kama tsanin. Ban hana shi ba.

Bayan damina biyu, shi kaɗai nake tura wa Ajingi. Ya san taransifomar da ke zafi in masu niƙa suka tada injina lokaci guda, ya san inda rassan darbejiya ke gugar waya. Wutar dai ba ta ƙaru ba, yadda ake ba mu daga sama haka take, amma in ta zo tana isa gidaje. Shekarar nan na samu na yi noman gonata da kaina.

Sai aka sake zaɓe, ɗan majalisar ya faɗi. Sababbin shugabanni suka kafa kwamitin duba waɗanda aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba. Na yi murna da farko, na zaci marasa zuwa za a kora. Ashe tuni iyayen gidansu suka sauya jam'iyya, mai zaman taga ma ya samu wanda ya tsaya masa. Kawun ɗan Ajingin ne bai sauya ba, sai aka sallami mutumina shi kaɗai.

Na hau mota zuwa Kano, na yini a benci kafin in ga jami'in ma'aikata. Na ce masa su zo su gwada shi a kan layi, in ya kasa su kore mu tare. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, na fahimce ka, amma daga sama abin ya zo. Ka yi haƙuri, za a turo muku wasu." An kuwa turo su. Na farkon da ya zo tambayata ya yi ko hawa falwaya dole ne.

Ranin da ya biyo baya Ajingi ta fi zama a duhu. Abokin aikina ya kwanta, gwiwata ta fara ciwo, masu niƙa suka koma man dizal, mata masu zoɓo suka daina. Ko a masallaci, kafin a gama gaisawa sai an tambaye ni wuta, kamar ni na ɓoye ta a ɗakina. Na gaji da bayani, yanzu sai dai in ce a yi haƙuri.

Shi kuwa ɗan Ajingin ya koma saka sola, ya ɗauki yara biyu 'yan makarantar koyon sana'a suna yi tare. Bara da zafin azumi ya ishi maiɗakina, shi na kira ya saka mana a gida. Yana kan rufin kwano yana ɗaure faifan solar ya tambaye ni ko an gyara taransifomar bakin kasuwa da ya bari tana zubar da mai. Na ce ba a gyara ba. Ya ce in kula da ita kafin ruwa ya sauka, sannan ya nemi in miƙo masa filaya.