Baba Yana Kallon Gari

Jiya na ga wani tsoho ya tsaya a hanya yana haki, sai na tuna da Baba.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, ana koya mana jinyar masu ciwon zuciya. Kullum yakan raka ni daga Anguwan Rogo kafin ya wuce wurin aikinsa a kasuwar Katako, rigarsa tana ƙanshin sabon itace. Wata safiya ya tsaya, ya dafa bango.

"Baba, lafiya?"

"Gari nake kallo, 'yar nan. Wuce, kada ki makara."

Na wuce. Ƙafafun mutane nake yini ina latsawa, neman kumburi, ban taɓa duba nasa ba. Ranar da muka kai shi asibiti, takalminsa ya ƙi shiga. Bai ga damina ba.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ni kuma ya yafe mini.