Hajo, 'Yar Aiken Malam Ezra

Duk wanda ya san firamaren da ke bayan garejin makanikai a Sabon Garin Keffi ya san ajin Malam Ezra, don tagarsa kaɗai za ka wuce ba ka toshe kunne ba. Mutumin Agwada ne, da alli a hannu ya yi furfura. Tun da tsadar haya ta koro ma'aikatan Abuja suka cika gari da iyalansu, bencin mutum uku ya koma ɗaukar biyar, malamai suka koma ihu kamar 'yan kamasho a tasha. Shi kuwa ajinsa tsit, kuma da wannan yake tinƙaho.

Dabarar ba wata mai zurfi ba ce. Duk yaron da ya ga ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya mai da shi ɗan aike. Bana Hajo ce ta faɗo hannunsa, 'yar aji huɗu mai rawar kai. Hajo ɗebo ruwa, Hajo karɓo alli, Hajo sayo ƙosai. Sauran malamai suka ga banza ta faɗi, su ma suka shiga aikenta.

Ana haka wata Madam Caroline ta zo daga jami'a, tana bincike kan yaran da hankalinsu ba ya tsayawa a kan karatu. Ta raba wa malamai takardar tambayoyi, su auna kowane yaro: yana yawan mutsu-mutsu, yana gama aikin aji, yana katse mutane? Malam ya cika na kowa yana tsaki, don ya tsani aikin da ba alawus. Da ya zo kan Hajo, biro ya tsaya. Tana gama aikin aji? Wane aikin?

"Madam, bar wannan," in ji shi. "Ba ta damun kowa, ai ba ta ma zama."

"Zaman nake so ka gani, Malam. Ka bar ta a aji ka lura. In akwai matsala likita ya duba ta, a san yadda za a koyar da ita."

Ya bar ta, ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. Ta leƙa taga, ta shiga ƙarƙashin benci neman fensir, ta amsa tambayar da bai gama yi ba. Aji ya kaure. Hedimasta ya leƙo yana murmushin mugunta: "Malam Ezra, yau suna ake yi a ajinka?" Malam ya so ya kora ta sayen ƙosai ya huta, sai dai takardar Madam na kan tebur ba a cika ba. Cikin haushi ya miƙa mata littafin karatu, ko bakinta ya samu aiki.

Hajo ta miƙe, ta kalli hoton shafin, ta zuba labari tiryan-tiryan ba gargada. Cikin abin da ta faɗa, ko kalma ɗaya babu a littafin. Ya nuna mata harafi, ta kasa gane shi, ta shiga wasa da gefen hijabinta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya san ba ita ce mai laifin ba.

Ya cika takardar da gaskiya, ya aika a kira uwarta, mai sayar da tumatir a kasuwa. Washegari sai ga ta da doya a kai, fuska cike da fara'a, ta sauke ta durƙusa tun kafin ya buɗe baki.

"Malam, Allah ya saka da alheri. A gida ta gagare mu, amma nan ko sau ɗaya ba a kawo mini ƙararta ba. Kullum tana cewa duk ajin ita ka fi so, sunanta ba ya barin bakinka. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na bar maka ita. Karatun nata ya yi nisa ko?"

Malam Ezra ya jawo mata kujerarsa. "Maman Hajo, zauna tukuna," ya ce. "Doyar nan ki ajiye ta a gefenki sai kin ji abin da zan faɗa."